Kaya Sun Cika Ɗaki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rage Tarkace da Rabuwa da Abin da Zuciya Ta Riƙe

A gidajenmu da yawa akwai wani wuri da kowa ya san ba a taɓawa: sito, ko ƙarƙashin gado, ko saman sif, ko lungun bayan ɗaki. Can ake cusa rediyon da ya mutu, da keken ɗinkin da ake ta cewa za a kai gyara, da akwatin lefen da aka manta kalar abin da ke ƙasansa. Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin mata da maza duk lokacin da aka tayar da zancen rage kaya. Wasunsu aikin hannu ne kawai, amsarsu gajera ce. Wasu kuwa sun taɓo gado da haƙƙi da kewar wanda ya riga mu gidan gaskiya, dole a zauna a kansu.

Ai Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Don me za a ce in rabu da kayana?

Gaskiya suka faɗa. Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san ranar da tasa guda ta sayo wa gida mudun gero, kuma wanda ya rayu cikin irin wannan ba ya bukatar a koya masa darajar ajiya.

Sai dai ajiya iri biyu ce. Akwai wadda ke jiran mai ita komai daɗewa, kamar gwal da tagulla da tukunya mai kauri. Akwai kuma wadda ke mutuwa a hankali a inda aka sa ta. Takalmin da aka adana shekaru don ranar biki, ana taka shi tafinsa ya ɓare a hanya. Katifa ta dagargaje ta zama gari. Atamfa ta karye a kan ninki, roba ta bushe ta tsage, gara ta shiga kwali ta ƙasa ba a sani ba sai an zo ɗagawa gindin ya zube. Zafin bazara, ƙurar hunturu da laimar damina ba sa barin tufa da fata da soso su yi dogon kwana a rufe. Mafi yawan abin da ya toshe mana ɗakuna daga wannan kashi na biyun yake. Ranar da ake jira takan zo, amma ta tarar kayan sun riga sun lalace, mai su bai mora ba, maƙwabcin da ya kwana yana bukatarsu shi ma bai samu ba. Wannan asarar ce ta fi damuna, fiye da rashin kyan gani.

A cikin Sahihu Muslim, Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce shimfiɗa ɗaya ta miji ce, ɗaya ta matarsa, ta uku ta baƙo, ta huɗu kuwa ta Shaiɗan. Malamai sun yi bayanin cewa ana nufin abin da ya wuce bukata, wanda aka tara don alfahari. Mai 'ya'ya goma ba laifi ya yi shimfiɗa goma sha biyu.

Na yarda, amma in na kalli ɗakin sai jikina ya mutu. Ta ina zan fara?

Fara da inda zuciya ba ta da rabo. Tsakar gida da bayan ɗaki: fasassun bokitai, tsofaffin tayoyi, gwangwanaye, kujerar da ƙafarta ta karye tun bara waccan. Ba wanda ke kuka don an fitar da waɗannan, kuma fitar da su magani ne. Taya ko gwangwanin da ya tara ruwan sama yana ƙyanƙyashe sauro cikin kamar mako guda zuwa kwana goma, har da irin wanda ke yaɗa zazzaɓin shawara. Shi ya sa ƙarshen rani, kafin ruwan farko, ya fi dacewa da wannan aikin. Daga nan a shiga madafa, sai sito, sai tufafi. Adakar Inna da hotuna da wasiƙu su zo a ƙarshe, lokacin da hannu ya riga ya saba da saki.

Kada a zazzage ɗaki gaba ɗaya a yini guda. Magariba za ta yi ana tsakiyar tsibi, ga yara na neman tuwo, a ƙarshe a mayar da komai a cuɗe fiye da da. Durowa ɗaya ko akwati ɗaya ya isa aikin hantsi. Abin da aka yanke za a bayar kuma ya bar gidan a ranar, domin in ya kwana a zaure, gobe wani zai buɗe ya ce ai wannan da sauransa.

In wurin ya daɗe a rufe, a sa takunkumi da takalmi, a ja kaya da sanda kafin a kai hannu saboda kunama. Inda aka ga kashin ɓera, a yayyafa ruwa mai bilic kafin shara, kada a tayar da ƙura. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake kama mutane, kuma a rani ya fi tashi.

Kwalla da samira da tasoshin da aka yi mini jere da su suna nan a kabet sama da shekara ashirin, ban taɓa zuba abinci a ciki ba. In fitar da su?

A nan sai an bi a sannu, 'yar'uwa, don kayan ɗaki ba tarkace ba ne. Mallakar mace ne ita kaɗai, miji ba shi da hannu a ciki, kuma tun zamanin jeren ƙwarya su ne asusunta. In ciwo ya zo, ko aure ya mutu, ko za a kai 'ya ɗaki, nan ake ɗiba. Bayan haka akwai gumin uwa a jikinsu. Kowace kwalla kwasar adashe ce, ko ribar ƙuli-ƙuli, ko akuyar da aka sayar. Wanda ya ce miki kawai ki zubar bai san abin da yake faɗa ba.

Amma ki dubi yadda yayi yake tafiya. Ƙwarya ta ba tasa wuri, tasa ta ba langa da kwalla da samira, su ma kuloli da tangaran suka zo suka ture su. A kowane sauyi, matan da suka riƙe na da suna jiran ya yi tsada sun ga kasuwarsa ta faɗi a gabansu. Tasa ta tagulla ta gaske ita ce ta kuɓuta, don ko ba a yayinta ƙarfenta kuɗi ne. Kwanon fenti da ya ɓantare ya fara tsatsa kuwa, kullum baya yake yi.

Shawarata ita ce ki sauke su duka ki wanke. Ki ware saiti guda ki fara zuba wa maigida da baƙi abinci a ciki, ai don haka aka ƙera su. Ki zaɓi biyu ko uku da suka fi tuna miki da ranar da aka kawo ki, su zauna a inda ido zai riƙa ganinsu. Sauran kuwa, har yau akwai marainiyar da za a aurar ba a haɗa mata ko kwano biyar ba, kuma a ƙauyuka da dama kwalla ba ta daina zama abin jere ba. In mahaifiyarki na raye, kada ta ji labari a bakin wani. Ki je da kanki ki durƙusa ki ce, "Inna, kayan nan da kika sha wahala a kansu suna zaune kawai. Ga yarinyar da za a kai ɗaki ba ta da komai, ina so in ba ta wasu, ladan ya zama naki." Da wuya uwa ta ƙi irin wannan.

Ina tara wa 'yata kayan ɗaki tun tana firamare. Shi ma tarkace ne?

Hujjar iyaye mata a nan tana da ƙarfi: kuɗi narkewa suke yi, abin da aka saya bana baɗi ya ninka. Matsalar tana wurin me aka saya. Labule, zannuwan gado, katifa, kafet da kayan wuta ba sa jure shekara goma a sito. In ma sun jure, amarya za ta kalle su ta kau da kai, a koma kasuwa a sayo na yayi, an yi kashi biyu ke nan. Ki sa kuɗin a abin da ba ya tsufa ko wanda ke haihuwa: ɗan gwal, tunkiya a hannun amintacce, tukwane masu kauri. Abin da kika riga kika tara kuma kika ga ba zai kai ba, ki sayar wa wadda bikin 'yarta ya matso tun yana da kyansa, ki juya kuɗin.

Akwatunana cike suke da anko da kayan lefen da ban ɗinka ba, amma kullum sai in ga kamar ba ni da abin sawa.

Saboda abin da kike sawa da gaske bai wuce kala goma sha wani abu ba, sauran sun danne su ne kawai. Fito da ɗinkakkun tukuna. Duk wanda Sallah biyu ta wuce bai hau jikinki ba, ko ya matse ki kina jiran ki rame, ya tafi. Tufa tana da lokacin da kyautarta ke faranta rai, in ya wuce sai ta zama abin kunya ga mai bayarwa da mai karɓa. Alƙur'ani, a aya ta 267 cikin Suratul Baƙara, ya hana mutum ya nufi mummuna ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Don haka wanda ya yage ko ya koɗe ya zama tsumman goge-goge, kada a ɗora wa talaka aikin kai shi bola. Wanda za a bayar a wanke, a goge, a ninke.

Turamen da ba a yanka ba su ne ke riƙe kuɗi, musamman atamfa mai tsada da shadda mai kyau. Su ma a riƙa fito da su ana shanyawa a inuwa, ana sauya ninki. Gargaɗi guda game da kafur ɗin da muke zubawa a akwati don korar asu da kyankyaso: yana iya jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani. Kayan jariri da zanen goyo kada su kwana wuri ɗaya da shi, wanda aka gada daga yayye kuma a wanke shi tas a shanya a rana kafin a sa wa jinjiri.

Mahaifiyarmu ta rasu. Yayarmu ta ce a kwashe kayan sawarta a yi mata sadaka kafin kwana arba'in. Ya halatta?

Allah Ya jiƙanta, Ya ba ku haƙuri. Niyyar Yaya mai kyau ce, amma a dakata. Daga lokacin da rai ya fita, duk abin da mamaciya ta bari, daga sarƙar gwal har zuwa tsintsiya, ya zama na magada. Tsarin kuma sananne ne: a fara da hidimar jana'iza, sai biyan bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba kuma ba a yi wa magaji ba, sannan a raba saura yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. In ta bar miji da 'ya'ya, mijin yana da rubu'i. In iyayenta na raye, kowannensu yana da sudusi. 'Ya'ya maza suna da rabo a zannuwanta da kwanukanta kamar yadda mata ke da rabo a gonarta. Al'adar nan ta cewa kayan ɗaki na mata ne, su shiga su rarraba a tsakaninsu, ba ta tsayawa sai in sauran magada sun yafe da bakinsu, ba don kunya ba.

Sadaka da kayan tana yiwuwa idan duk magada baligai ne kuma kowa ya yarda. In akwai yaro ƙarami a cikinsu, ba wanda ke da ikon yafe rabonsa a madadinsa. Sai a yi wa kayan kuɗi, a fitar masa da nasa a adana, manya su yi sadaka da nasu. Gargaɗin aya ta 10 a wannan sura game da dukiyar maraya ba abin wasa ba ne.

Abin da ke kashe zumunci a irin wannan lokaci ƙanana ne. Wata ta zare mayafi a ranar uku ta ce na tunawa ne, wata ta ce ai Inna ta ce ɗan kunnen nan nata ne. A mazhabar Malikiyya, kyautar da aka furta da baki amma ba a karɓa a hannu ba har mai kyautar ya rasu, a mafi yawan hali komawa take cikin gado. Hanyar da ta fi tsare mutunci ita ce a kulle ɗakin, a sa rana, a buɗe a gaban kowa da wani dattijo ko malami masanin gado, a rubuta komai. A laluba da kyau kafin a bayar da ko matashi guda. Tsofaffinmu suna ƙulle kuɗi a bakin zane, suna cusa zobe cikin kumbo, kuma sau da yawa a ƙasan adaka, ƙarƙashin sule da sisin da aka daina karɓa da katin awon ɗan da yanzu ya yi furfura, akwai takardar da ta rubuta wanda take bi da wanda ke binta. Wani abin ma ajiyar maƙwabciya ce.

Matar da mijinta ya rasu kuwa, kada a tsaya mata a ka da zancen kwashe kaya. Tana da takabar wata huɗu da kwana goma a ɗakinta. Ana iya rubuta abin da ya bari don kiyaye haƙƙi, amma sauke rigunansa daga rataya a bar ta ta kai ga hakan.

An raba gado, an ba ni rabona, amma na kasa rabuwa da ko ɗankwalinta. Raunin imani ne?

A'a. Bayan yaƙin Badar, Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW) ta aiko da fansar mijinta Abul Asi, a ciki har da wata sarƙar da mahaifiyarta Nana Khadija ta ba ta lokacin aurenta. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha cewa da Annabi ya ga sarƙar sai tausayi mai tsanani ya kama shi, ya nemi sahabbai in sun yarda su saki fursunan su mayar mata da abinta. Shekaru sun wuce da rasuwar Khadija, amma sarƙa guda ta motsa zuciyar mafificin halitta. Don haka in kin shinshini mayafin mahaifiyarki kin ji sauran turarenta hawaye ya zubo, ba ki yi laifin komai ba.

Abin lura shi ne sarƙa ɗaya ce. Akwati uku da ba a buɗewa ba sa tuna miki da ita, nauyi kawai suke ƙara miki duk lokacin da kika gifta. Zaɓi abin da in kin gani ita kike gani: carbinta, sallayarta, ludayin da take dama fura da shi. Ki yi amfani da su. Sauran ki ɗauki hotonsu a waya in kina so, sannan ki kai wa waɗanda ita da kanta za ta ba: ƙawarta ta amana, tsohuwar da ke zuwa mata wanke-wanke, ƙanwarta ta ƙauye. Zanen da ke jikin mai salla yana jawo mata addu'a, na cikin akwati asu yake ciyarwa. Babu wa'adi a kan wannan. Wata wata uku ya ishe ta, wata sai ta shekara biyu.

Kyautar da aka ba ni fa, kamar tsarabar Makka daga surukata? Ba na amfani da ita, ina kuma jin nauyin bayarwa.

Kyauta in ta shiga hannunki ta zama taki. A cikin Buhari, Annabi (SAW) ya ba Sayyidina Umar wata rigar alharini, ya kuma bayyana masa cewa ba don ya sa ya ba shi ba, Umar ya aika wa wani ɗan'uwansa da ita a Makka. Abin da ake kiyayewa shi ne zuciyar mai kyautar. Ki sa sau ɗaya ta gani ta ji daɗi, in za ki bayar kuma ki kai nesa, kada ta je suna ta gan shi a jikin 'yar aikinki.

Maigidana ya cika zaure da matattun rediyo, tsohon janareto da ƙarafan babur. In kira 'yan gwangwan in ya fita?

Kul. Kayansa ne, kuma ranar da ya nemi wani ƙarfe ya rasa, ko shekara nawa ya yi bai waiwaye shi ba, ranar zai zama shi ne abu mafi tsada a gidan. Ki fara da naki ya ga fili. Sannan ki kawo masa zancen ta fuskar kuɗi da lafiyar yara: "Malam, janareton nan in an kai wa masu gyara za su saya don kayan cikinsa, ga shi jiya na ga kunama a ƙarƙashinsa." Ku yi yarjejeniya cewa abin da ba a gyara ba zuwa Babbar Sallah za a sayar. Haka dokar take tsakanin kishiyoyi da faccaloli a gidan haɗaka: kowa ya tsaya kan nasa.

Hajiyarmu ta tsufa, ɗakinta ba wurin taka ƙafa, amma ko gwangwanin madara ba ta yarda a ɗauka.

Da farko a raba abin da ke da haɗari da wanda ke ɓata wa 'ya'ya rai kawai. Hanya daga gado zuwa ƙofa da banɗaki dole ta zama a share, domin faɗuwa ga tsoho takan zama karayar ƙugu, daga nan kuma sai kwanciya. Kwalaye da tsummoki kusa da kaskon wuta ko maganin sauro na kunnawa su ma ba a sasantawa a kansu. Abin da ya wuce wannan, ɗakinta ne.

Kada a yi mata shara a ɓoye tana asibiti. Tsohuwar da ta dawo ta tarar an taɓa mata kaya ji take an fara rabon gadonta tana numfashi. A zauna da ita a ɗauko abu ɗaya a ce, "Hajiya, wannan fantekar a ina kika same ta?" Labari zai fito, kuma sau da yawa in labarin ya sami mai saurare, sai ta ce a kai wa wance. A tuna mata cewa abin da ta miƙa da hannunta yau ya tabbata ga wanda take so, wanda ta bari kuwa lissafin gado ne zai raba shi. In aka ga tara kayan ya zo tare da mantuwa, ko tana ɓoye abinci har ya ruɓe, ko tana zargin kowa da sata, to a kai ta ga likita.

Takardu fa? Wanne ake ajiyewa, kuma yaya ake yi da masu ayoyi?

Takardar fili da ta gida, yarjejeniyar ciniki mai sa hannun shaidu, takardun haihuwa da na makaranta, na aiki da fansho, hukuncin kotu da takardar rabon gado, waɗannan ba a zubarwa ko na kaka ne. Rigimar gona takan taso bayan duk shaidu sun mutu. A sa su a leda mai kauri cikin akwatin ƙarfe, sama da ƙasa saboda ambaliya, a ɗauki hotonsu. Tsofaffin rasit da littattafan aikin yara su tafi, amma duk mai ɗauke da lambar asusu ko ta katin ɗan ƙasa a ƙone ta, kada ta ƙare a hannun mai ƙosai.

Alƙur'anin da ke karantuwa a kai masallaci ko makarantar allo. Wanda ya yayyage, da kalanda da takardun Islamiyya masu ayoyi, a ƙone su a wuri mai tsarki ko a binne inda ba a takawa. Sayyidina Usman ya sa an ƙone sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa mus'hafi guda.

Rubutun hannu na kakanni daban ne, kuma a kansa nake roƙo. Gafakar da ke rataye tun zamanin kakan-kaka tana iya ƙunsar waƙoƙin ajami, wasiƙun sarakuna, tarihin zuri'a ko littafin da babu kwafinsa a ko'ina. Kada a ƙone, kada a manna masa salatif. A nuna wa masana a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko Gidan Makama a Kano, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Nijar akwai sashen tsofaffin rubuce-rubuce a cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai.

Akwai abin da bai kamata a bayar ko a jefa bola kai tsaye ba?

Magani na gaba. Ragowar na wani ciwo ba a ba maƙwabci. Sirof ɗin yara da ake haɗawa da ruwa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, na ɗigawa a ido kuma galibi wata guda ne bayan buɗewa. A tambayi mai kemis yadda za a zubar, kada a watsa inda yara ke tsince-tsince. Batirin mota da na sola suna da dalma da ruwan batir, a sayar wa masu sayen batir a rufe, kada a fasa a gida, gubar dalma ta fi yi wa yara illa. Batirin waya da ya kumbura yana iya kamawa da wuta, ba a jefa shi cikin sharar da za a ƙona. Tsohuwar waya kuma a cire layi da memori, a goge komai kafin ta bar hannu. Galan ɗin maganin feshi a huda shi, don kada wani ya zuba ruwan sha.

In sayar ne ko in bayar?

In gidan na da bashi ko kuɗin makaranta na jira, a sayar ba tare da jin kunya ba. Turame, gado da kwanuka masu kyau aikin dillaliya ne, a yanka farashi da la'adarta tun kafin kaya su fita, a kuma rubuta. Ƙarfe, tagulla da alminiyam na 'yan gwangwan ne, da sikeli ake saye, kuma a ware tagulla daban domin ta fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba. Wanda ke da kaya masu yawa zai fi samun ciniki in ya kai da kansa irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna ko Katako a Yamai, inda ake narkar da tsohon alminiyam a zuba tukwane. Sai dai a shirya jin farashin da bai kai na zuciya ba, mai saye ba ya biyan kuɗin tarihin kaya.

In ba a matse ake ba, bayarwa ta fi sauri kuma ta fi lada. A fara da dangi, sai maƙwabta, sai wanda gobara ko ambaliya ta cinye wa kaya.

Na tarar da gwal ɗin da na daina sawa tuntuni. In bar shi?

Ki bar shi in kina so, gwal ba ya ruɓewa. Amma ki sani a Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba su da zakka, wanda aka ajiye don maganin wata rana kuwa ana fitar masa in ya kai nisabi, wato dinari 20, kimanin giram 85, kuma ya shekara. Ana ba da kashi ɗaya cikin 40. Ki auna wurin maƙeri, ki tambayi malami. Tsabar kuɗi kam ba abin binnewa a katifa ba ne. Waɗanda suka ga canjin kuɗin Afrilun 1984, da aka ba mutane ƙasa da mako biyu, sun san yadda damin takardu ke zama banza a dare ɗaya.

Wani ya bar mini ajiyar kayansa ya tafi, shekaru ba labari, sun tare mini ɗaki guda.

Amana ce, ba ta shiga cikin kayan da za ka rage da ra'ayinka. Ka neme shi ta waya da ta 'yan'uwansa, ka sanar da shi a gaban shaidu cewa wurin ya ƙure, ka ba shi wa'adin da zai iya cikawa. In ya rasu, magadansa za ka miƙa wa. In an yi cigiya har an gaji ba shi ba danginsa, ka kai maganar ga mai unguwa ko alƙali, a ƙirga kayan a rubuta, a sayar da wanda zai lalace a adana kuɗin. Malamai kan ba da fatawar a yi sadaka da su da sunansa in an fid da rai, bisa sharaɗin in ya dawo bai amince ba za ka biya shi, don haka takardar lissafin da sunayen shaidun su zauna tare da takardun gidanka.